Hanyar Yamai Zuwa Filinge: Kwaltar Da Ke Ɗauke Da Kasuwar Baleyara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Filinge da ke gabashin birnin Yamai da asubahin ranar Lahadi, ya san ba sai an gaya masa cewa yau ce kasuwar Baleyara ba. Tun kafin a kira sallah ƙananan motocin haya sun cika, manyan motoci sun jera babu kaya a bayansu domin dabbobi za su je ɗaukowa, ga kuma iyayenmu mata da buhunansu a naɗe a hammata, kowace ta ƙulle ɗan jarinta a bakin zane. Dukkansu kwalta ɗaya za su hau, mai layi biyu kacal, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa, kuma a kanta ne ribar mako ko asararsa take. A wannan fili namu na yau za mu bi wannan hanya tun daga bakin Yamai har zuwa ƙasar Kurfai, mu duba garuruwan da ta ratsa, da kayan da take ɗauka, da kuma abubuwan da suke neman durƙusar da ita.

Daga ina ta taso, ina ta nufa?

A takardun hukuma sunanta babbar hanyar ƙasa mai lamba 25, amma direbobi da 'yan kasuwa hanyar Filinge suka sani, har ma akwai unguwa guda a Yamai da ta ɗauki wannan suna. Tana fita daga babban birni ta nufi arewa maso gabas, ta bi ta Hamdallaye, ta sauka Baleyara bayan tafiyar kusan kilomita 100, sannan ta miƙe cikin kwarin Dallol Boso ta wuce Bonkuku har ta isa Filinge, wanda ke da nisan kimanin kilomita 180 daga Yamai. Lambar hanyar ba a nan ta tsaya ba, domin ita ce dai ta zarce Tawa, daga can ta bi Abalak zuwa Agadas da Arlit, wato ɓangaren da ake kira hanyar yuraniyom. Mu dai namu yankin shi ne na farko, wanda ke cikin jihar Tilaberi, domin shi ne ya shafi tukunyar mutanen Yamai kai tsaye.

Da zarar mota ta bar gidajen ƙarshe na birni, sai ta hau tudu mai jan dutse da ƙananan itatuwa, inda gonakin gero da wake suke warwatse nan da can. Zangon farko shi ne Hamdallaye, kimanin kilomita 30 da ɗoriya daga Yamai, garin da kasuwarsa ke ci ranar Talata. Manya daga cikin masu karatu za su tuna cewa a nan ne ƙungiyar Peace Corps ta Amurka take horar da matasanta harsunan ƙasa kafin ta rarraba su ƙauyuka, har zuwa farkon shekarar 2011 da ta kwashe mutanenta daga Nijar saboda matsalar tsaro. Ga ɗan kasuwa kuwa, amfanin Hamdallaye shi ne kusancinsa da birni, domin mace za ta iya zuwa da safe ta sayi kaji ko zabi ko ganye, ta dawo gida kafin la'asar.

Baleyara, mahaɗar jama'a

Bayan an gama ratsa tudu, sai hanya ta gangara, ƙasa ta sauya daga jan dutse zuwa farin rairayi, itatuwan gawo da goriba su fara bayyana. Wannan ita ce alamar an shigo Dallol Boso, kuma a bakinsa Baleyara take zaune. Ana fassara sunan garin daga Zabarmanci da cewa wurin da Buzaye ke haɗuwa, kuma duk wanda ya shiga kasuwar zai ga sunan bai faɗi banza ba. A rana ɗaya za ka ji Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da yaren Buzaye suna tashi a rumfa guda, ana ciniki ana dariya. Garin shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Tagazar, kuma a da yana ƙarƙashin Filinge ne, sai a shekarar 2011 da aka ƙirƙiro sabbin gundumomi a Nijar ya samu tasa gundumar.

Abin da ya ɗaukaka sunan Baleyara shi ne kasuwar dabbobi, wadda take cikin manya a yammacin ƙasar. Nan ake kawo shanun Azawak masu jan jiki da yawan nono, da shanun Bororo masu dogayen ƙahoni, da raguna balibali da uda da ara-ara, da awaki da jakuna da raƙuma. Makiyayi ya taso daga arewa ya biyo kwari da dabbobinsa saboda akwai ruwa da ciyawa a hanya, mai saye kuma ya taso daga Yamai ya biyo kwalta, sai su haɗu a nan. Tsakaninsu akwai dillali, wanda shi ne ke saukar da baƙo, ya san mai dabba, ya tsaya shaida cewa ba ta sata ba ce, in an yi sallama ya karɓi la'adarsa. Kafin rana ta faɗi an loda wasu dabbobin zuwa kasuwar Turaku da mahautar Yamai, wasu kuma fatake sun haɗa su domin tafiya kudu.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kasuwar ta maza ce kaɗai. A ɗaya gefen akwai layin mata, kuma su ne suka fi kowa jin jiki idan hanya ta lalace. Su ne masu zogale da kuka da kuɓewa busasshiya, masu cuku da man shanu da nono, masu tabarmi da faifai da igiyar kaba, masu ƙwarya da ludayi, masu kanwa da gyaɗa da wake da ake awo da tiya. Wasu kuma daga birni suke zuwa da atamfa da sabulu da robobi da kayan miya na kanti, su sayar su juya kuɗin su sayi kayan ƙauye, su koma su kasa a Katako ko Wadata ko ƙofar gida. Jarin irin waɗannan mata sau da yawa bai wuce 'yan jikkuna ba, kuma daga cikinsa ake cire kuɗin mota na zuwa da na dawowa, da kuɗin kaya, da na ɗan dako. Ashe ke nan duk ƙarin dala ɗaya da direba zai yi, daga bakin 'ya'yansu ake cire ta.

Daga Baleyara hanyoyi sun rabu. Akwai wadda ta yi kudu maso gabas zuwa Loga a jihar Doso, akwai kuma wadda ta yi arewa zuwa ƙasar Banibangu kusa da iyakar Mali. Wannan mahaɗa ita ce ta sa garin ya zama wurin da kaya ke sauya mota, kuma ita ce ta sa duk abin da ya taɓa ɗaya daga cikin hanyoyin nan sai an ji shi a farashin ranar Lahadi.

Kwarin da ke ciyar da hanya

Masana ƙasa sun tabbatar da cewa Dallol Boso tsohon kogi ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Ya taso ne daga yankin Azawak can arewa, ya gangaro ta Filinge da Baleyara da Birnin Gaure, ya je ya haɗu da kogin Kwara a wajen Bumba. Ko da yake ba a ganin ruwa yana gudu a sama, yana nan kwance a ƙarƙashin rairayi, kuma a wurare da dama mutum zai haƙa 'yan mitoci kaɗan ya tarar da shi. Wannan ni'ima ce ta tara jama'a a kwarin tun kafin zuwan Turawa, ta sa Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Hausawa suka yi ta zama tare, wani lokaci cikin lumana wani lokaci da takobi. Waɗanda suka shata hanyar mota ba su yi wani sabon abu ba, sawun ayari da na garke suka bi.

Idan aka bar Baleyara aka nufi arewa, ana shiga ƙasar Tondikandiya, inda garuruwan Damana da Fandu suke. A Fandu ne aka haifi Janar Seyni Kunce a shekarar 1931, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 a tsakiyar babban farin da ya hallaka dabbobin Sahel, ya riƙe ƙasar har rasuwarsa a watan Nuwamba 1987, kuma a can aka yi masa makwanci. Dattawan wannan yanki ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da garke ya ƙare, mutane suka biyo wannan hanya zuwa Yamai neman abin sawa a baki. Haka aka sake gani a 2005 bayan farin ɗango da ƙarancin ruwan 2004. A irin waɗannan shekaru hanyar da ke kai raguna birni ita ce ke kawo buhunan agaji ƙauye, kuma garin da mota ba ta isa gare shi shi ne ya fi shan wuya.

Har ila yau a wannan kwari da tudun da ke gefensa ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke kiwo. A tsakiyar shekarun 1990 ba su wuce 50 ba, amma saboda kulawar hukuma da ta mutanen ƙauyuka sun haura 600. An fi saninsu da yankin Kure a kan hanyar Doso, sai dai sukan hauro har wajen Fandu, don haka direban da ke gudu da dare ya san ba jakuna da shanu kaɗai ke tsallaka kwalta ba.

Bonkuku da dankalinta

Zango na gaba shi ne Bonkuku, babban garin ƙasar Imanan. Duk matar da ke sayar da kayan miya a Yamai ta san dankalin turawa na Bonkuku. Ana shuka shi ne da shigowar sanyi, wajen watan Nuwamba, a yi ta ban ruwa daga rijiyoyi marasa zurfi, sannan a fara haƙa daga Janairu zuwa Maris. Noman ya sauya rayuwar gidaje da yawa, domin matasan da a da suke tafiya cin rani bakin teku da zarar an gama girbin gero, yanzu wasunsu suna tsayawa gida su yi lambu. Bayan dankali akwai kabeji da albasa da tumatir da rogo da dankalin Hausa.

Matsalar dankali ita ce kowa lokaci ɗaya yake haƙa, kuma da zarar zafin Maris da Afrilu ya kunno kai ba ya jure ajiya. Saboda haka manomi dole ya sayar, ɗan kasuwa kuma dole ya kai birni da wuri. Mu ɗauki misali domin a fahimta: in mace ta sari buhu goma, mota ta lalace a hanya ta kwana biyu cikin rana, buhu ɗaya ya ruɓe, to kashi ɗaya cikin goma na jarinta ya tafi, alhali ribar da take sa rai a kan kayan gaba ɗaya mai yiwuwa ba ta kai haka ba. Ta yi tafiya, ta biya mota, ta dawo da bashi. Wannan shi ya sa muke cewa ramin da ke kan kwalta ba na direba ba ne shi kaɗai.

Bugu da ƙari, yawancin irin dankalin da ake shukawa daga Turai ake shigo da shi ta jirgin ruwa. A da ta tashar Kwatano yake biyowa, amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Benin, kaya suka koma biyowa ta Lome su ratso Burkina Faso cikin ayarin da sojoji ke rakiya. Hanyar ta fi tsawo, ta fi tsada, ga jinkiri, shi kuwa iri in ya wuce lokacin sanyi bai iso ba, noman shekarar ya tafi.

Filinge, zuciyar ƙasar Kurfai

Daga Bonkuku sai Filinge, garin da ke kwance a gindin duwatsun da suka yi wa kwarin katanga. Nan ne cibiyar Kurfai, ƙasar Kurfayawa masu magana da Hausa, waɗanda suke zaune tsakanin Zabarmawa a kudu da yamma da kuma Buzaye a arewa. Bahaushen Kano ko na Maraɗi in ya sauka nan zai ji harshensa, ko da yake da ɗan bambancin lafazi irin na yamma. Turawan Faransa sun kafa bariki a garin tun farkon ƙarni na 20, kuma gidan sarautar Mayaƙi na nan ya fitar da manyan ma'aikata, cikinsu har da Adamu Mayaƙi wanda ya riƙe ministan harkokin waje a zamanin Diori Hamani, da Ibrahim Hasan Mayaƙi wanda ya zama firaminista daga 1997 zuwa 2000. A wannan yanki ne kuma, cikin shekarun 1920, aka samu ɓullar 'yan Hauka, masu bori da suke kwaikwayon sojoji da kwamandojin Turawa, abin da ya tayar wa masu mulkin mallaka hankali har suka kama su suka ɗaure.

Kasuwar Filinge ita ma ranar Lahadi take ci, don haka fatake kan raba ƙafa, wani ya tsaya Baleyara ya tura yaronsa gaba. Kaɗan daga arewacin garin akwai Tukunus, inda gidan gonar gwamnati yake tun shekarun 1950, wanda aikinsa shi ne zaɓe da inganta shanun Azawak. Daga nan ne aka yi ta sayen bijimai ana kai wa wasu jihohi har da ƙasashe maƙwabta domin gyara iri. Nono da cukun da ake samu a wannan yanki, kamar dankalin Bonkuku, kaya ne da ba sa jiran gyaran mota.

Bayan Filinge hanya ta nufi Abala da Sanam, daga nan ta yi gabas zuwa ƙasar Adar. A zamanin shugaba Mahamadu Isufu, wanda ya yi mulki daga 2011 zuwa 2021, an ƙaddamar da ayyukan shimfiɗa kwalta a wannan ɓangare da nufin a haɗa Yamai da Tawa kai tsaye, domin hanyar da aka saba bi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni zagaye ce mai tsawon kusan kilomita 550. Da komai ya tafi daidai, da albasar Adar da dabbobin Azawak sun riƙa gangarowa ta Filinge da Baleyara, masu abinci da masu faci da masu sayar da mai na bakin hanya su samu ciniki. Abin da ya tsaya wa wannan buri a gaba shi ne rashin tsaro.

Tsoron da ya shigo hanya

Tun bayan rikicin arewacin Mali a 2012, lokacin da dubban 'yan gudun hijira suka sauka a Abala, arewacin Tilaberi bai sake samun cikakken kwanciyar hankali ba. A watan Disamba 2019 an kashe sojoji 71 a Inates, a watan Janairu 2020 kuma aka kashe 89 a Shinagodar. A cikin shekarar 2020 ne dokar ta-ɓaci ta iso gundumomin Filinge da Baleyara, kuma daga farkon wannan shekara hukuma ta hana hawa babur a sassa da dama na jihar, saboda da shi maharan suke amfani. Kowa ya fahimci dalilin dokar, amma ta taɓa talaka ƙwarai, domin babur shi ne ke fito da mai jego zuwa asibiti, shi ne ke kawo kaji da ƙwai da nono daga ƙauyen da mota ba ta shiga zuwa bakin kwalta.

Ranar da 'yan kasuwar wannan yanki ba za su manta da ita ba ita ce 15 ga Maris 2021, lokacin da 'yan bindiga suka tare motocin da ke dawowa daga kasuwar mako ta Banibangu, suka kashe mutum sama da 50 a hanya da ƙauyukan kusa. Mutane ne irinmu, sun je neman halaliyarsu. Allah ya jiƙansu da rahama. Illar irin wannan ta'asa ba ta tsaya a kan waɗanda aka kashe ba, domin makiyayin da aka ƙwace wa garke ko aka tilasta masa biyan abin da maharan ke kira zakka ba shi da abin kawowa kasuwa, manomin da ya gudu ya bar gonarsa ya koma mai saye a maimakon mai sayarwa, direba kuma ya ƙara kuɗi saboda kasadar da yake yi. Duk wannan a ƙarshe kan mai sayen nama da gero a Yamai yake sauka.

Iyaka, naira da farashin mai

Dabbar Baleyara ba a Yamai kaɗai ake cin ta ba, kaso mai yawa Najeriya yake tafiya, don haka darajar naira tana da hannu a cinikin ranar Lahadi. Tsofaffin fatake suna tuna Janairu 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, yadda dabbobin Nijar suka yi araha ga mai saye daga waje, ciniki ya buɗe. Abin da ya faru daga 2023 kishiyar haka ne: naira ce ta faɗi, sai ya zamana in bafatake ya kai sa kudu ya sayar, ya canza kuɗin zuwa sefa, da ƙyar yake mayar da uwar kuɗinsa. Ga kuma rufe iyaka, wanda Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma na takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma daga 2023 har zuwa Maris 2024.

A cikin gida ma an ɗauki matakan da suka shafi masu bin wannan hanya. A watan Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso, a watan Mayu 2025 kuma ta dakatar da fitar da dabbobi gabanin babbar sallah domin ragon layya ya yi sauƙi. Magidancin birni ya ji daɗi, amma wanda ya yi wata shida yana turke da dusa da harawa yana jiran masu saye daga waje, shi lissafinsa daban ne. Ta fuskar mai kuwa, a watan Yuli 2024 an rage litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, gas kuma daga 668 zuwa 618. Tambayar da mata 'yan kasuwa ke da haƙƙin yi a tasha ita ce, in mai ya hau kuɗin mota ya hau, me ya sa in ya sauka ba ya sauka?

Me ke cinye kwalta?

Abu biyu ne manyan maƙiyan irin wannan hanya, ruwa da lodi. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka ruwan sama yake da kwalta. Ƙaramar tsaga ce za ta fara, ruwa ya shiga ya jiƙa jar ƙasar da ke ƙasa, babbar mota ta taka, wurin ya lotsa, kafin damina ta fita ya zama rami. Ƙoramun da ke gangarowa daga tudu zuwa kwari kuma suna zuwa da ƙarfi, su ci gefen hanya ko su binne ta da yashi. Daminar 2024 ta nuna mana iyakar abin, domin a watan Agusta ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita daga Yamai na wasu kwanaki, kaya suka tsaya, kuma a faɗin ƙasa ambaliyar ta ci rayuka sama da 300.

Game da lodi, injiniyoyi sun daɗe da gano cewa in aka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Wannan ne ya sa ƙasashe masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma suka kafa doka mai lamba 14 a shekarar 2005, wadda ta ƙayyade nauyin da kowace ƙafar babbar mota za ta ɗauka. A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, domin mu 'yan kasuwa muna da namu laifin. Mu ne muke roƙon yaron mota ya ƙara buhu biyar a sama don kuɗin kaya ya yi sauƙi, mu ne muke hawa kan lodi, raguna a ƙasa mutane a bisa. A hanya mai layi biyu wadda babu shinge a tsakiyarta, motar da ta yi nauyi fiye da ƙima ba ta iya kauce wa rami ko amalanken jaki, kuma in taya ta fashe sai dai addu'a.

Shawara ga 'yan uwa, kira ga hukuma

Ga masu bin hanyar, musamman iyayenmu mata, shawararmu ita ce a yi sammako a kuma dawo da rana, ko da ciniki bai ƙare ba, domin hanyar lafiya a bi ta da shekara. A rage yawo da kuɗi masu yawa a jiki, tunda yanzu akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana, ga kuma wayar salula. A riƙa tafiya da katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro, a kuma karɓi takardar duk kuɗin da aka biya na kasuwa ko na dabba. Kafin a tashi a kira wanda aka amince da shi a can a ji farashi da halin da hanya take ciki. Mata masu sarin kaya iri ɗaya kuma su haɗa kai su ɗauki mota guda, domin mai buhu talatin tana da bakin yin ciniki da direba fiye da mai buhu uku.

Ga hukuma kuwa, kiranmu bai da yawa. Kuɗin da ake karɓa a shingen biyan kuɗin hanya a ga amfaninsa a kan kwalta, a riƙa toshe tsaga da share magudanan ruwa kafin watan Yuni, maimakon a jira sai hanya ta yanke. A sa ma'aunin lodi ya yi aiki a kan kowa ba tare da sani ko sabo ba. Ƙananan hukumomin da ke karɓar haraji a kan kowace dabba ranar kasuwa su mayar da wani abu a wurin lodin dabbobi, da ruwan sha, da makewayi, da rumfunan mata. A taimaka wa manoman Bonkuku da ɗakunan ajiya masu sanyi domin kada su riƙa zubar da guminsu a watan Maris. Sama da komai, a tsare hanyar da ƙauyukan da ke ciyar da ita tun daga Abala da Sanam har zuwa Banibangu, domin in makiyayi da manomi ba su fito ba, motocin da suka yi sammako daga Yamai haka za su koma wayam.

Allah ya kiyaye matafiya, ya sa albarka a cinikinmu, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya. Sai mun haɗu a fili na gaba.